Baba Mutuniyar Karo: Tsohuwar da Ta Riƙe Asalin Gidansu

Ke da kike bakin murhu, da ke da kike tsakar gida kina tsince shinkafa, da ke da kike ɗaki kina ɗinkin hula, ki matso da rediyonki kusa, domin yau hirar tarihi za mu yi, kuma tarihin na gida ne.

Bari in fara da tambaya. In aka ce ki faɗi sunan mahaifinki, ba wuya. Na kakanki ma za ki faɗa. To uban kakanki fa? Daga wane gari ya taso? Me ya rabo shi da garinsu? Wa ya fara saukar da shi a garin da kuke kira naku yanzu? A nan ne yawancinmu muke yin shiru, mu ce ai wannan sai tsofaffi. Tsofaffin kuwa kullum ɗai-ɗai suke tafiya, kowacce ta tafi da abin da ke cikinta.

Yau zan ba ki labarin wata mata da ba ta tafi da nata ba. 'Yar ƙasar Karaye ce, daga yankin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Rogo. Ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba, ba ta taɓa rubuta littafi da hannunta ba. Amma yau a jami'o'in Ingila da Amurka da Faransa ana karanta sunan kakanta da na mahaifinta, saboda ta zauna ta lissafa danginta tiryan-tiryan. Sunanta Baba, ana ce mata Baba ta Karo.

In kika bar Karaye kika nausa kudu maso yamma za ki shiga ƙasar Rogo, wadda ta yi iyaka da jihar Kaduna da jihar Katsina. A cikin garuruwan Rogo akwai Zarewa, tsohon gari ne mai ganuwa a zamanin da. Kusa da Zarewa ne ƙauyen Karo yake, inda Baba ta tashi a ƙarshen ƙarni na 19, kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Wuri ne na bakin iyaka, inda ƙasar Kano ta haɗu da ƙasar Zazzau. Ki riƙe wannan, domin zaman bakin iyaka yana da daɗi yana da wuya. Akwai ƙasar noma isasshiya, ga fatake suna wucewa, amma kuma nan ne mahara suka fi samun hanya.

Abu na farko da Baba ta sani game da gidansu shi ne su ba 'yan asalin wurin ba ne. Barebari ne. Kakanta, Ibrahim Dara, daga Barno ya zo, ya sauka a wannan yanki, ya share daji ya kafa gida, ya yi noma, ya tara iyali. Cikin 'ya'yansa akwai Tsoho, mahaifin Baba, wanda manomi ne kuma malamin allo. Zuwa zamanin Baba, gidan ya riga ya zama na Hausawa. Hausa suke yi, auren Hausawa suke yi, tuwon dawa suke ci. Amma ba su manta ba cewa daga gabas suka zo, kuma ana faɗa wa yara tun suna ƙanana.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Ki dubi birni kawai. Akwai Zangon Barebari, sunan unguwar ma ya gaya miki su wa suka fara sauka a wurin. Akwai Wangarawa da suka zo daga Mali tun zamanin Sarki Yaji. Akwai Agalawa, fataken goro, waɗanda asalinsu daga arewa ne wajen ƙasar Azbin, kuma daga cikinsu ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma a ƙasar Kano sau da yawa raɓar nan takan zauna har ta zama rijiya, jama'a su sha. Saboda haka in aka ce miki kakanku baƙo ne, ba abin kunya aka faɗa ba. Kusan kowane gida in aka tona haka za a tarar.

To amma 'yar uwa, mai bin asali dole ta shirya jin daɗi da ɗaci. Baba ba ta ɓoye ba cewa kakanta ya mallaki bayi masu yawa, kuma da ƙarfinsu aka noma gonakin gidan. Suna zaune a rinji, wato unguwar bayi da ke jikin gona. Ta bayyana yadda ranarsu take. Da hantsi su fita gandun ubangidansu, a kai musu abinci gona, in azahar ta yi su tashi, sannan kowa ya je ya taɓa 'yar gayaunarsa. 'Ya'yan da aka haifa a cikin bauta kuwa, waɗanda a Kano ake kira cucanawa, a Zazzau dimajai, tare suka taso da 'ya'yan gida, suna wasa tare, amma kowa ya san matsayinsa. Da Ibrahim Dara ya rasu, aka raba bayin nan gado tsakanin 'ya'yansa kamar yadda aka raba sauran dukiya. Ki tsaya ki yi tunanin wannan. Mutane ne masu uwa da uba, su ma daga wani gari aka rabo su, su ma suna da kakanni. Sai dai su ba a bar su sun riƙe sunayen nasu ba.

Kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Gidan da ya mallaki bayi, shi ma bai tsira daga kamu ba. A shekarun ƙuruciyar Baba ƙasar ba ta zauna lafiya ba. A Kano an yi yaƙin basasa daga 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa. Ta wajen kudu da yamma kuma ga mayaƙan Ibrahim Nagwamatse, Sarkin Sudan na Kwantagora, wanda mutanen yankin suke kira Mai Sudan, suna kai hari ƙauyuka suna kwashe mutane. In aka ji kururuwa, sai mutanen ƙauye su bar tukunya a kan wuta, su goya yara, su ruga cikin ganuwar Zarewa. Baba ta ba da labarin yadda aka taɓa kama wasu mata da yara na danginsu, aka tafi da su, sai da dangi suka bi sawu, suka haɗa kuɗin wuri masu ɗimbin yawa, suka fanso su. Kin ga amfanin sanin dangi ke nan a wancan zamani. Wanda yake da masu nemansa a dawo da shi. Wanda ba a san nasa ba, shi ke nan ya tafi, jikokinsa su tashi a wata ƙasa da wani suna.

Ana cikin haka Turawa suka iso. Sun kama Kwantagora a 1901, suka tuɓe Sarkin Zazzau Kwasau a 1902, suka shiga Kano a watan Fabrairu na 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato, daga baya suka naɗa Abbas. Gwamnansu Lugga ya yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, ba bawa ba, aka kuma hana hari da cinikin bayi a kasuwa. Bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya ba sai 1936. A tsakanin nan wasu bayi suka fanshi kansu a gaban alƙali, wasu suka gudu suka nemi garuruwansu, wasu suka zauna inda suke suka zama talakawa masu noman kansu. Rinjin gidan su Baba ma haka ya watse sannu a hankali, 'ya'yan gida da jikoki suka koma riƙe fartanya da kansu. Baba ta nuna cewa mutanen ƙauye sun ji sauƙin daina hari, mace ta iya zuwa rafi ba fargaba. Amma mulkin Turawa ya zo da nasa nauyin, ga haraji da kuɗi, ga aikin tilas na hanya da na dogo.

Akwai wani abu a nan da ya shafe mu kai tsaye, mu matan kulle. Masana tarihi sun lura cewa a da, a ƙauyuka irin su Karo, matan da ake gani a gandu suna noma yawancinsu bayi ne. Da bauta ta ƙare, matan da suka sami 'yanci da yawa suka daina fita gona, domin zaman gida ya zama alamar 'ya mace mai 'yanci da mutunci, suka koma kaɗi da saƙa da dafe-dafen sayarwa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kulle ya bazu a karkara a zamanin Turawa, bayan dalilin addini da malamai suke karantarwa. Kin ga ashe zaman da muke yi a ɗaki shi ma yana da tarihinsa.

Mu koma kan Baba. Aure huɗu ta yi. Na fari auren zumunci ne, aka ba ta ɗan uwanta Duma, ta yi biyayya ga mahaifinta ta zauna, amma zuciyarta ba ta wurin, daga baya aka rabu. Na biyu ta auri Malam Maigari, wanda shi take so tun farko, suka yi shekaru masu yawa tare. Na uku a Giwa ta ƙasar Zazzau ta yi shi, garin da Fagaci yake hakimci, inda ta auri Malam Hasan, manomi kuma mai tsaron gidan yari. Bayan rasuwarsa, da girma ya kama ta, ta yi auren takalmi da wani mai suna Ibrahim, wato irin auren da mace take zaune a gidanta, miji ne yake zuwa. Ashe abin da kakanta ya yi, ita ma ta maimaita. Shi ya bar Barno ya zama baƙo a Karo. Ita ta bar Karo da Zarewa a zamanin Turawa ta zama baƙuwa a Giwa, har wurin ya zama gida.

Ga kuma abin da ya fi taɓa ni a labarinta. Duk auren nan huɗu, Allah bai ba Baba haihuwa ba. A wurinmu an san yadda ake kallon macen da ba ta haihu ba, an san irin maganganun da take haɗiyewa a gidan miji. Amma Baba ta riƙi 'ya'yan dangi da na miji, ta yi musu aure, ta ga jikoki ta wurinsu. Kuma a cikin zuriyar Ibrahim Dara duka, da masu 'ya'ya goma da masu gonaki, wadda ba ta haifi ko ɗaya ba ita ce ta sa sunan gidan bai ɓace ba. Ke da kike saurarona kina cikin irin wannan jarrabawa, ki ji wannan da kyau. Ba ta hanyar haihuwa kaɗai ake raya gida ba.

To yaya aka yi labarin ya fita? A 1949 wani mai binciken al'adu, M. G. Smith, mutumin ƙasar Jamaika, ya zo ƙasar Zazzau tare da matarsa Mary Smith. Shi namiji ne, iyakarsa zaure, ba shi da ikon shiga cikin gida. Duk abin da zai ji daga bakin maza zai ji shi: sarauta, haraji, gona, kasuwa. Matarsa ce ta koyi Hausa ta riƙa shiga wajen mata, a nan ta haɗu da Baba a Giwa, jininsu ya haɗu. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, suka yi makonni suna zama kullum, Baba tana faɗa da Hausa, Mary tana rubutawa. Baba ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. An buga shi da Turanci a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo, aka fassara shi da Faransanci a 1969, aka sake buga shi a Amurka a 1981. Daga baya ya fito da harshen da aka faɗe shi, da sunan Labarin Baba, Mutuniyar Karo ta Ƙasar Kano. Ki lura da tazarar. Da Mary Smith ta yi jinkirin shekara biyu kacal, da babu Ibrahim Dara, babu Tsoho, babu Karo a cikin tarihi.

Me ya sa maganar tsohuwa ta yi wannan daraja? Domin takardun da Turawa suka bari, irin waɗanda ke ajiye a gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sun fi kula da hakimai da dagatai da magidanta masu biyan haraji. Ba za ki tarar a ciki ba wa ya auri wa, wa aka saki, wane yaro aka ba goggonsa riƙo, wace mata ta shayar da ɗan kishiyarta. Wannan ilimi a cikin gida yake, a hannun mata. Mu ne muke zuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa. Mu muka san ɗan fari da uwarsa ba ta kiran sunansa don kunya, wanda aka miƙa wa kaka tun yana yaye, har ya girma mutane suna zaton ɗanta ne. Mu muka san ƙawa da ƙanwar rana waɗanda ba jini ba ne amma sun shiga dangi. Namiji zai lissafa miki ubansa da kakansa a miƙe kamar sanda. Mace kuwa za ta ba ki reshe da reshe, har da inda reshen ya karye.

Kada ki ɗauka wannan hira ce kawai ta raba dare. Sau nawa aka sa ranar aure, an kai lefe, sannan wata tsohuwa ta ce a dakata, ai yaran nan nono ɗaya suka sha? In tsohuwar ba ta raye fa? Sau nawa aka je gaban alƙali kan gonar gado, aka rasa wanda zai faɗi 'ya'ya nawa marigayi ya bari a ɗakin matarsa ta fari da ta koma wani gari? Sau nawa marayu suka tashi a birni ba su san ƙofar gidan kakansu a ƙauye ba, hakkinsu ya salwanta? Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka ga abin da nake roƙonki. Ba sai kin fita ko'ina ba, aikin nan daga ɗakinki za ki yi shi. In akwai tsohuwa a gidanku, kaka ce, goggo ce, inna ce, ko uwar miji, ki kai mata goro ki zauna kusa da ita bayan sallar isha'i. Kada ki tsare ta da tambaya kamar 'yar sanda. Ki fara da abin da take jin daɗin faɗa. Ki ce, "Iya, wai da aka kawo ki gidan nan amarya, wa kika tarar?" Daga nan zare zai warware da kansa. Ki tambaye ta garin da kakanni suka taso, da abin da ya taso su, fatauci ne, almajiranci ne, yunwa ce, ko gudun haraji. Ki tambayi sana'ar gidan ta asali, rini ko ƙira ko saƙa ko jima. Ki tambayi tsagar da ke fuskar tsofaffi, domin yanzu ba a cika yi ba, kuma kowace tsaga tana faɗar wani asali. Ki tambayi su wa ne abokan wasanku, domin in kika ga gidanku suna wasa da Fulani kamar yadda Barebari suke yi, to akwai magana a ƙasa. Ki tambayi sunayen mata musamman, uwar kaka da kishiyoyinta da garuruwansu, domin su ne ake fara mantawa. Kuma kada ki manta da maganar shayarwa.

In kin iya rubutu, da boko ko da ajami, ki sami littafi na musamman ki rubuta, ki ajiye shi a ƙasan akwati tare da kayanki masu daraja. In ba ki iya ba, ki sa 'yarki 'yar makaranta ta rubuta, ita ma ta ƙaru. In akwai waya a hannunki, ki nemi izinin tsohuwar ki ɗauki muryarta. Abin da kika ji daga ɗaki ɗaya, ki gwada shi da na wani ɗakin, domin kowa yakan gyara nasa ɓangaren, kuma mantuwa tana kama kowa. In magana biyu suka saɓa, ki rubuta duka biyun tare da sunan wadda ta faɗa.

Sai gargaɗi ɗaya, kuma shi ne mafi nauyi. In kika tona, wataƙila ki tarar kakanninku sun mallaki bayi, kamar na Baba. Wataƙila kuma ki tarar su aka mallaka. Wataƙila ki ji asalin kishiyarki ko na matar ɗanki. Wallahi 'yar uwa, wannan amana ce. Ba don gori ake neman asali ba. Har yau akwai gidajen da ake fasa aure saboda an ce kakan yaro bawa ne, alhali kakan nan kama shi aka yi yana yaro a bakin gona, kamar yadda aka kama matan gidan su Baba. Bambancin kawai, su an sami kuɗin fansa, shi ba a samu ba. Wanda ya san tarihi da gaske ba ya yi wa kowa gorin asali, domin ya san dare ɗaya ne tsakanin ɗa da bawa a wancan zamani. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Abin da zai sada zumunci ki faɗa wa yara. Abin da zai tozarta wani ki bar shi a cikinki.

Mutanen Karaye da Rogo, musamman na Zarewa da kewaye, wannan 'yarku ce, ku yi alfahari da ita. Sauran 'yan uwa kuma na ko'ina, kowane gida yana da tasa Baba, tana nan zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ana wuce ta ana cewa ta cika surutun da. Waiwaye adon tafiya ne. Ki je gare ta yau, kada ki ce sai gobe.

A nan za mu dakata. Allah ya jiƙan Baba da iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya shirya mana zuriya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.